Cinikin Ƙarfe a Cikin Waya

Duk wanda ya ajiye lambar bakanike ko ta direba a wayarsa a ƙasar Gumel ya san hotunan da ke cika masa WhatsApp da sassafe. Ga giyabos an kwantar a kan tsohon buhun taki. Ga shokozoba biyu an jingina da bangon shago. Ga lagireto, ga fitilar gaba guda ɗaya tilo, ga kan inji da baƙin mai ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Sau da yawa a gefen hoton za ka hango ƙafar mai ɗauka cikin silifa, ko hannun yaron shago ya tallafe ƙarfen don kada ya kife. A jikin kayan akwai rubutu da fenti rawaya ko fari, wasu lambobi da haruffa da aka yi tun can inda aka kwance motar. A ƙarƙashin hoton sai gajeren bayani: "Ɗan Beljiyam ne, lafiya ƙalau, mai so ya yi magana." Abu ɗaya ne ba ka cika gani ba, shi ne kuɗin kayan.

A da, ba ma da daɗewa ba, in mota ta kwanta a Sule Tankarkar hanyar ɗaya ce. Bakanike zai kwance abin da ya lalace, ya naɗe shi a tsumma ya jefa a buhu, ya fara dubawa a Gumel. In ba a dace ba sai Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa. Tsohon ƙarfen da ya riƙo shi ne shaidarsa: a ajiye shi gefen wanda za a saya, a ƙirga ramukan noti, a gwada tsawo da faɗi. Boris sai ya juya shi da yatsa a kusa da kunnensa, in ya ji yana gurza ya ajiye. Shokozoba ya danne shi da iya ƙarfinsa ya saki, ya ga yadda zai dawo. Giyabos ya sa yatsa ya lakato man ciki, ya murza ya duba ko akwai garin ƙarfe, ya sansana ko ya ƙone. Sai an gama wannan ake zancen kuɗi. Mai kaya ya ce a taya, mai saye ya taya, a ce masa albarka, ya ƙara, ya yi kamar zai tafi, a kira shi, har a sallama. Kuɗin da aka tsaya a kai, hannu da kunne da hanci duk sun sa baki a cikinsa.

Ba zan raina abin da waya ta kawo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa Kano da dawowa don ƙaramin ƙarfe guda ya zama asara a fili, ga yinin aiki da bakanike zai rasa. Yanzu yana zaune a gindin darbejiya zai ɗauki hoton abin da ya lalace ya tura, a turo masa hoton wanda ake da shi, a daidaita ta saƙon murya, ya je wurin mai POS ya tura kuɗi. Yaron shago ya kai kayan tashar 'Yankaba, a ba direban Sharon, a rubuta lambar waya a jikin kwalin. Kafin magariba kaya sun iso Gumel, wani lokacin ma ɗan acaɓa ya ƙarasa da su. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa mutane da yawa tura kuɗi ta waya, har waɗanda a da ba su yarda da kuɗin da ba su ƙirga da hannu ba. Wannan ci gaba ne, kuma talaka ne ya fi morar sa.

Amma a cikin hotunan nan akwai wani jinsi da ya fi ɗaukar ido, kuma shi ya fi ba ni tunani. Su ne kayan da ake cewa na tsere ne. Wili mai faɗi mai ƙyalli, taya siririya wadda kusan ba ta da gefe, salansa mai babban baki, ƙaramin sitiyari, kujera mai rungume mutum, shokozoba mai launin ja ko rawaya da ke sauke mota ƙasa. A nan ƙasar Gumel babu filin tseren mota. Tseren da muka gada na dawakai ne, sai kuma samarin da ke wasa da babura ranar kai amarya. Amma Kano ba nisa, kuma a can da Kaduna da Abuja akwai matasa masu wasan mota, waɗanda ke juya BMW ko Marsandi a wuri ɗaya har taya ta yi hayaƙi. Kayan da suka gama da su ba sa ɓacewa. Suna komawa kasuwa, a wanke su da fetur, a goge, a ɗauki hoto. Da zarar an ce abu na tsere ne sai kuɗinsa ya ɗaga, kuma saurayin da ya sayar da riɗi ya samu rarar kuɗi a aljihu yana kallon hoton yana hango motarsa.

Ɗauki Golf 3, motar da ta riƙe hanyoyin ƙauyukanmu. Kamfanin Volkswagen ya fara ƙera ta a 1991, ya daina kafin shekara ta 2000, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara ashirin da biyar. A cikin danginta akwai masu gudu guda biyu, GTI da VR6, kuma kayansu na shigowa cikin kwantena ɗaya da na sauran. A hoto wilin GTI ya fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai ramukan notinsa biyar ne, na Golf ɗin da ake haya da ita huɗu ne. Wanda bai ƙirga ramuka a hoto ba, sai kaya sun iso zai gane ya sayi abin da ba zai ɗauru ba. Ƙaramin abu ne da ko yaron gareji ya sani, amma ido in ya ga ƙyalli ba ya tsayawa ƙirga.

Ko da ya ɗauru, ina za shi? Daga Sule Tankarkar in ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyuka, rairayi ne da burji da kwazazzabon da damina ta bari. Abin da direba ke nema a nan shi ne mota ta ɗaga, ta ɗauki buhuna, cikinta kada ya taɓa ƙasa. Shi ya sa za ka ga an ƙara wa Golf ƙarfin sifirin na baya tun kafin ta fara aiki. Shokozoban da ke sauke mota, wanda ake rububinsa a birni, a nan ramin farko zai fasa maka kaskon baƙin mai. Taya siririya kuma dutse ɗaya ya isa ya lanƙwasa wilin. Ƙarfe ɗaya ne, amma darajarsa a titin Kano daban, a hanyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis daban. Mai sayarwa a intanet kuɗi ɗaya yake da shi a ransa, na inda kayan suka fi tsada, kuma ba zai tambaye ka wace hanya kake bi ba.

Manyanmu sun san motar da ta dace da ƙasa. Fijo 504 ta ci gasar Safari ta ƙasar Kenya a 1975 da 1978, gasar da ake yi a kan ƙura da taɓo da duwatsu. A 1975 ɗin ne kuma aka fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna. Abin da ya ba ta nasara a can shi ya sa ta yi shekaru tana jigilar mutane da kaya a nan: tsayi daga ƙasa, da ƙashi mai jure wahala. In akwai kayan tseren da suka dace da mu, to irin waɗannan ne, ba na masu juyi a kan kwalta ba.

Sai kuma babbar maganar, wadda hoto ba ya faɗa. Wanda ya sayi ƙarfe na hannu, ragowar kwanan ƙarfen ya saya. A ƙasashen da tseren mota ya zama sana'a sun ɗauki wannan da gaske. Injin tsere ba da shekara ake auna shi ba, da awoyin da ya yi yana aiki ne tun gyaran ƙarshe, kuma mai sayarwa zai rubuta su. Bel ɗin da ke ɗaure direba yana da tambarin hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ɗauke da shekarar da zai daina aiki, shekara biyar bayan ƙera shi. In wa'adin ya wuce, ko da bel ɗin yana sheƙi, ba za a bar ka ka shiga gasa da shi ba, kuɗinsa kuma ya faɗi. Kujerar da ta taɓa yin haɗari ba a so, ko ba a ga tsaga ba. Dalili kuwa shi ne ƙarfe yana gajiya daga ciki. Kulochin da aka yi wasa da shi wata uku zai iya cinyewa fiye da na motar gida mai shekara biyar. Kan injin da ya taɓa tafasa yakan ɗan karkace yadda ido ba zai gani ba, sai an ɗaura ya fara haɗa ruwa da mai. A can tarihin kaya shi ne rabin kuɗinsa. A nan kuwa an karɓi sunan tsere don ya ɗaga farashi, an bar tarihin da ya kamata ya sauke shi.

A kasuwarmu kaya hawa uku ne. Akwai sabo a kwali, yawanci na Caina, mai sauƙin kuɗi, wanda bakanike zai ce maka sa'a ne. Akwai ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga motar da ta gama aiki a Turai, aka loda a tashar Antwerp zuwa Kwatano ko Legas. Wasu kuma na Japan ne da ke biyowa ta Sharjah. Sai kwancen gida, wanda aka cire daga motar da ta sha hanyoyinmu har ta gaji. Tsakanin na biyu da na uku akwai tazarar kuɗi mai yawa, kuma a nan ne waya ta fi cutar da mai saye. A hannu, tsohon bakanike yana rarrabe su. Ɗan Turai yakan zo da tsatsar gishirin da ake zubawa a titunansu lokacin ƙanƙara, notinsa ba su sha sifana ba. Na gida kuwa jar ƙasa ta shige kowane lungu nasa, kan notin ya cinye, ga alamar guduma. A hoto, in an wanke an sa fenti rawaya an yi 'yan lambobi, sai wanda Allah ya ba ido.

Na sha tambayar masu kaya me ya hana su rubuta kuɗi. Amsar farko ita ce dala, kuma gaskiya ce. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ya rubuta kuɗi yau, bayan mako biyu wani ya ɗauko tsohon hoton ya ce sai a haka. Ga kuma iyaka. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan tudu. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai Disambar 2020 aka buɗe huɗu, Maigatari na cikinsu. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka da Nijar ɗin har Maris ɗin 2024. Duk rufewa da buɗewa sai ta taɓa kuɗin kaya da yawan masu saye, domin abokan ciniki daga ɓangaren Dungas da Magarya ba kaɗan ba ne. Lokaci ma yana da nasa: da kaka, in riɗi da zoɓo sun fita, kowa na gyaran mota da babur, kaya su yi daraja, da bazara kuwa mai shago ya fi saurin sallamawa. Wannan uzuri na karɓe shi, amma maganinsa bai wuce a rubuta kwanan wata a gefen kuɗin ba.

Amsa ta biyu ba a cika faɗinta da baki ba. Hoton giyabos ɗaya za ka gan shi a wayar mutum huɗu, kowa na cewa nasa ne. Ɗaya ne mai kayan, sauran dillalai ne, kowa ya ɗora nasa a kai. Dillanci sana'a ce mai asali, kuma la'ada halal ce in an san da ita. A kasuwar dabbobi ta Maigatari kowa ya san dillali, ya san abin da zai ba shi. Na waya shi ne ba ka san hannu nawa ne tsakaninka da ƙarfen ba, kuma ranar da kaya suka ƙi aiki kowa zai ce shi ma turo masa aka yi. Akwai kuma mai jira sai ka yi magana ya duba hoton da ka sa a wayarka. In ya ga babbar riga da mota a bayanka, kuɗin ya hau. In ya ji harshenka na ƙauye ne, ya ɗauka ba ka san kasuwa ba, nan ma ya hau. A gaban shago in aka yi maka haka sai ka taka zuwa shago na gaba. A waya, mutumin da motarsa ke kwance da buhunan mutane a kai, dare na yi, ba shi da shago na gaba. Wannan ba ciniki ba ne, cin gajiyar matsuwar ɗan'uwa ne.

Taya ita kaɗai ce ke faɗin shekarunta da kanta, in an san inda za a duba. A gefenta, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2318 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Taya na iya zama da zane mai zurfi amma robar ta bushe, kuma a zafin watan Afrilu a kan hanyar Gujungu irinta ce ke fashewa da mutane a ciki. Wadda aka zana wa alamar ƙanƙara kuma don sanyin Turai aka yi ta, robarta laushi gare ta, kwaltarmu na cinye ta da wuri. Hukumar kiyaye haɗurra ta sha gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi. Mai sayarwa a waya zai ɗauki hoton zanen daga gaba, domin nan ne kyan yake. Ka ce ya juya ta ya ɗauko maka lambobin. In ya fara kewaye-kewaye, ka samu amsarka.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani bakanike a Gumel ya nuna mini bidiyon da wani mai shago ya turo masa daga Kano. Ya ajiye giyabos a kan benci, yana juya shi yana magana: "Malam, ga shi nan ka gani da idonka. Wannan kunnen ya taɓa karyewa, an yi masa walda, ga wurin. Ba ɗan Beljiyam ba ne, daga motar wani yaro mai wasa aka ciro shi, giya ta biyu tana ɗan ƙara in ya yi zafi. Shi ya sa na rage maka. In ka ɗaura bai yi ba, kwana uku ka dawo mini da shi, amma kuɗin mota naka ne." Bakaniken ya kira mai motar ya ce, "Alhaji, ga gaskiyar kayan, in za ka iya da shi zuwa kaka mu ɗauka, in ba haka ba mu ƙara kuɗi mu nemi wani." Alhaji ya zaɓi ya ƙara kuɗi, kuma a wurin mai shagon nan ɗin aka sayi ɗayan. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba, amma ya mayar wa mai saye da abin da waya ta ƙwace masa, wato sanin abin da yake biya wa kuɗi.

Ba sabon abu mai shagon ya ƙirƙiro ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da aka rufe masa yana da haƙƙin mayarwa. Sun kuma yi magana a kan sayen abin da ba ya gabanka, cewa sai an siffanta shi siffar da za ta kawar da jahilci. Hausawa ma ba su yarda da cinikin biri a sama ba. Hukuncin bai canza ba don kasuwa ta koma cikin waya. Ya ma ƙara nauyi, tunda yanzu duk abin da mai saye ya sani daga bakin mai kaya ya fito. Bakanike shi ma amana ce a wuyansa. Mai mota ya san ana ba bakanike ɗan ihsani a shago, ba wanda ke musun wannan. Amma in ihsanin ne ke zaɓar masa shagon da zai saya, ba ingancin ƙarfe ba, to birkin da ya ɗaura mutum goma ne za su hau kansa gobe, wataƙila har da 'yan gidansu.

Ga samarinmu masu sha'awar kayan tsere, ba na ganin laifin son mota ta yi kyau. Amma kafin ka tura kuɗin riɗinka, ka tambayi motar da aka ciro kayan da abin da aka yi da ita, ka ƙirga ramuka, ka kai wa bakanikenka bidiyon ya gani, ka ji ko ana mayarwa da kwana nawa. 'Yan kasuwarmu na Ƙofar Ruwa da Gumel da Maigatari kuma, don Allah in kun sa hoto ku rubuta kuɗin a ƙarƙashinsa tare da kwanan wata, ku faɗi ko ɗan Beljiyam ne ko kwancen gida, ku nuna wurin waldar kafin a tambaye ku.